Mu Buɗe wa Motocinmu Hanci

Mai girma shugaban ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motocin tsere ta birnin Ipoh, Datuk Razlan. Dattawanmu da suka kafa wannan ƙungiya tun muna masu baƙin gashi. Baƙinmu da suka taso daga Penang da Taiping, wasu a kan tayoyinsu, wasu kuma, ba zan kama suna ba, a bayan janwe. Masu gareji da makanikai, waɗanda hannunsu bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba saboda mu. Matanmu da 'ya'yanmu, masu haƙurin zama da mutanen da ke gaida mota kafin su gaida iyali. 'Yan'uwa maza da mata: Musulmin cikinku ina yi muku sallama, assalamu alaikum, sauran jama'a kuma barkanmu da wannan yammaci.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, ina gode wa 'yan kwamitin gyara da suka ɗora mini nauyin magana da yawunsu, ina kuma gode wa masu girki, domin na lura ba wanda ya bar ko ƙwayar shinkafar kwakwa a farantinsa. Wanda bai san ni ba, sunana Baharom. Na tsufa a kan injinan haƙar kuza, kuma ban iya zagaye-zagaye ba, saboda haka wanda maganata ta taka, ya yi haƙuri tun yanzu.

Gobe da safe, in Allah ya kai mu, za mu kama hanyar Tapah mu hau tsauni zuwa Tanah Rata, kamar yadda muke yi kowace shekara. Amma kafin mu tayar da inji ko ɗaya, akwai maganar da ba za mu kwana da ita ba. Motocinmu suna tafasa. Suna tafasa a gaban jama'a, suna tafasa a gaban masu sayar da masara, suna tafasa har yaran bakin hanya sun san mu da tururi fiye da yadda suka san mu da gudu. Mun saba mu mayar da abin raha, mu tsaya a gindin magangarar ruwan nan, mu ɗage bonet, mu sha kofi, mu ce mota tana hutawa. Bara rahar ta ƙare.

Duk kun san Kawu Foong, ga shi can a kujerar gaba, ya harɗe hannu yana hararata. Shi ne ya fara hawan nan da motoci uku, lokacin da rabin waɗanda ke ɗakin nan ba a haife su ba. Kun san jar motarsa mai kujera biyu, wadda kuka raɗa wa suna Buta, shi kuwa har yau bai yafe muku ba. Bara, a kwanar da ke sama da magangara, Buta ta yi halinta. Kawu Foong ya fito ransa a ɓace, bai jira ta huce ba, ya naɗe ƙyalle a hannu ya murɗa murfin lagireto. Waɗanda ke wurin ba su manta ƙarar da ya yi ba, ni ma ban manta ba. Tafasasshen ruwa ya wanke masa hannun dama tun daga yatsu har gwiwar hannu, ya yi makonni a asibiti, har yau kuma yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa.

A ranar ce 'yarsa Pui Yee, ga ta nan kusa da shi, ta zare makullin motar ta jefa a jakarta. Na je gidansu biko, ta tare ni a bakin ƙofa, ko kujera ba ta ba ni ba. Ta ce, "Kawu Harom, kada ma ka fara. Ku kun samu abin ba da labari a shagon kofi, ni na samu tsohon da nake wanke wa hannu safe da yamma. Akwai wani a Singapore da ke son motar. Ku nuna mini ta hau tsaunin nan ba ta tsaya ba, in ba haka ba, in kun sake ganinta to a hoto ne."

Tsohon yana daga ciki yana jin mu, sai ya ɗaga murya: "Harom, gaya mata ni na haife ta, ba ita ta haife ni ba!"

Ta juya ta ce, "Na ji, Baba. Sha maganinka."

Jama'a, ban yi mata musu ba, domin gaskiya ta faɗa. Amma na san mutumin nan. Ran da aka ɗora motar nan a kan tirela, ran nan za a fara yi masa shirin makoki, ko da yana nan yana cin taliyarsa. Saboda haka muka yi alkawari, ni da Arumugam mai gareji, cewa sai mun gano abin da ke dafa motar nan. Abin da muka gano shi na zo in faɗa muku, domin ciwon Buta ciwon kowace mota ne da ke ajiye a rumfar can waje.

Abu na farko, mu ne muka ƙara wa injinan nan wuta. Wanda ya ƙera su ya ƙera su ne a ƙasar da rana ke fitowa kamar an roƙe ta, ya auna musu lagireto daidai ƙarfinsu da sanyin garinsu. Mu kuwa muka kawo su inda kwalta ke laushi da azahar, muka faɗaɗa inji, muka sa manyan fistin, muka jera kafireto biyu, wasunmu har da na'urar sanyi, don kada uwargida ta yi zufa. Duk ƙarfin da ka ƙara, zafi ka ƙara. To ina ka tanadar masa hanyar fita? Ka ƙara wuta a murhu, tukunya tana nan yadda take, sannan ka riƙe baki wai ta yi bori. Kuma ku duba taimin, ku duba yadda kafireto ke ba da mai. Injin da wutarsa ke makara, ko wanda ake yi wa rowar mai, zafi yake yi ko da a inuwa aka ajiye shi.

Abu na biyu, ruwanmu. Na san nan zan yi baƙin jini. Mu mutanen Ipoh, in ka taɓa ruwan duwatsunmu ka taɓa iyayenmu. Shi ke sa tsiron wakenmu ya yi ƙiba, shi ke sa taliyarmu santsi, har ana cewa shi ke sa 'yan matanmu kyau, ni ma ban musa ba, tunda a nan na yi aure. Kawu Foong shekara da shekaru yana aika jarka a ɗebo masa ruwan marmaron gindin dutse, musamman don motarsa. Ya ce mini, "Ruwan da nake dafa shayi da shi, shi zan ba ta. Ni ba na cin amana." Da Arumugam ya fasa lagireton, sai ya kira shi ya ce, "Kawu, zo ka ga amanar." Farin ɓawo ne ya toshe rabin bututun, irin wanda ke gindin butar kowane gida a garin nan. Tsohon ya ƙura masa ido, ya ƙanƙare da farce, ya ce, "To ai ko shi ɗin na Ipoh ne." Muka yi dariya, muka wanke cikin injin tas, muka sa sabon lagireto mai faɗi, muka zuba tataccen ruwa da maganin hana tsatsa. Ruwan marmaro ku bar shi a kan shayi.

Abu na uku, ɗan makullin ruwan nan da ake kira tamostat. Al'ada ce a gareji-garejinmu, mota na shigowa ƙasar nan a cire shi a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne. A irin injinan nan namu, kuskure ne babba. Akwai 'yar gajeruwar hanya a cikin injin da shi ke rufewa in ruwa ya yi zafi. In babu shi, ruwa sai ya riƙa bin gajeruwar hanyar yana zagaye a ciki, ba ya wahalar da kansa zuwa lagireto. Mun mayar da shi. Mun sauya murfin da ya saki, mun sa fanka mai lantarki, mun kewaye ta da kwano yadda ba za ta ja iska daga gefe ba sai ta cikin lagireto.

Da muka gama wannan duka, ni Baharom na bugi ƙirji, na ce wa Pui Yee ta zo ta gani. Muka kama hanya, Arumugam na tuƙi, ni ina gefensa, ita tana bin mu a motarta. Har muka wuce Tapah allurar zafi tana tsakiya, Arumugam har ya fara waƙa. Sai muka cim ma motar kayan lambu, irin waɗannan da ke komawa sama a hankali kamar ba sa son isa. Kun san hanyar, ba wurin wucewa. Muka koma giya ta biyu, inji na aiki kamar jaki, iska kuwa babu. Allura ta fara tashi. Waƙa ta tsaya. Allura ta ci gaba da tashi, sai da ta taɓa ja, a daidai kwanar da ta ƙona mai ita. Muka gangara gefe muka kashe.

Pui Yee ta tsaya a bayanmu, ta sauke gilashi, ta dube mu. Da ma zagi ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta juya motarta ta gangara. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin zuciyata ta kafe a kan abu irin ranar ba. Na ce wa Arumugam, ko dai motar nan ta hau, ko kuma a binne ni da sifana a hannu.

Yanzu na zo kan abu na huɗu, wanda saboda shi na nemi a ba ni wannan dandali, kuma ina roƙon ku saurare ni har ƙarshe kafin ku fara jifa.

Muna gareji, an kunna babbar fankar nan ta bango tana hura gaban motar, Kawu Foong na zaune a kan tsohuwar taya yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. A kusurwa akwai turaren tsinke da Arumugam ke kunnawa kowace safiya. Na ce ya ara mini guda. Na riƙe shi a gaban ragar motar, inda iska ke shiga ta sami lagireto. Hayaƙin ya taso, ya nufi raga, ya daki bajon tagulla da ke ɗaure a jikinta, ya watse gefe. Na matsa dama, bajo. Na matsa hagu, bajo. Na yi ƙasa, bajo a kan bajo. Mu uku muka dubi juna, domin duk mun ga abin da muke kallo shekara da shekaru ba mu gani ba.

Baƙinmu sun san al'adarmu. Duk motar da ta kai Tanah Rata, shugaba da hannunsa yake ɗaura mata bajon tagulla na wannan shekara a ragar gaba, a yi tafi, a ɗauki hoto. Ba a cirewa. Da shi ake gane babba da yaro a cikinmu. Sabon shiga yana da ɗaya yana goge shi da bakin riga, tsoho kuwa ragarsa ta cika har ya ƙara sandar ƙarfe don ya sami wurin rataya. To wa ya fi kowa bajo? Wanda ya fi kowa tafasa. Mun ƙara wa mota wuta a ciki, sannan kowace shekara, da tafi da hoto, muna ƙara toshe mata hanci. Injin da aka ƙero da farko yana iya jurewa. Wanda muka faɗaɗa ba zai iya ba.

Kawu Foong ya miƙe tsaye, ya nuna ni da hannun nan nasa mai tabo. Ya ce, "Harom, ka fasa mata ciki na ƙyale ka. Ka hana ta ruwan garinmu na ƙyale ka. In ka taɓa bajo ɗaya, ni da kai sai a lahira, kuma ko a can ba unguwarmu ɗaya ba."

Na ce, "Kawu, iska take nema."

Ya ce, "Ta nema ta ƙasa! Mota ba bajo ai tsirara ce. So kake in shiga Tanah Rata kamar wanda ya sayi mota jiya?"

Arumugam ya ce, "Yo Kawu, ai rabonka da shiga Tanah Rata sai a bayan janwe."

Ya ɗauki sandarsa ya fita, ko kofinsa bai shanye ba. Kada ku yi masa dariya, jama'a, ni ban yi ba. Waɗannan ƙarafa a wurinsa ba ado ba ne. Akwai na shekarar da ƙasa ta zaftare aka kwana a hanya, akwai na shekarar da ya hau da marigayiyar matarsa tana riƙe da laima saboda rufin motar ya ƙi rufuwa, akwai na abokan da ya fara hawan nan da su, waɗanda yau shi kaɗai ya rage. Wanda ya ce masa cire, cewa ya yi ya kwashe rayuwarsa daga inda mutane ke gani.

Muka yi kwanaki ba mu ji ɗuriyarsa ba, mai saye daga Singapore kuwa yana ta bugo waya. Sai wata safiya ga shi a ƙofar gareji, Pui Yee ta kawo shi, yana rungume da gwangwanin biskit, sukundirebarsa a aljihun riga. Bai gaida kowa ba. Ya sa aka ajiye masa kujera 'yar tsugunne a gaban motar, ya zauna. Arumugam ya matso zai taimaka, ya ce, "Matsa can. Kai ka ɗaura?"

Da yatsu ukun da ke aiki ya riƙa kwance su. In ya cire ɗaya, sai ya goge shi da babban yatsa, ya faɗi shekararsa, ya sa a gwangwani. Da ya zo kan wani ƙarami da ya yi kore don tsufa, sukurun ya ƙi juyawa. Pui Yee ta durƙusa ta riƙe masa bajon. Ta ce, "Wannan na shekarar da na yi amai a bayan kujera ne."

Ya ce, "Kin tuna?"

Ta ce, "Yaya zan manta, ka fi tausayin kujerar a kaina."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ni dai na fita waje, na ce hayaƙin turare ne ya shiga mini ido. Da na dawo raga ta fito fes, har kana hango lagireto. Muka sake kunna tsinken turare, hayaƙi ya miƙe ya shige ciki kamar an kira shi.

Ranar Lahadin da ta wuce muka sake gwaji, wannan karon Pui Yee ce a gefen Arumugam, idonta a kan allura. Da gangan suka laɓe a bayan motar kabeji tun daga magangara har sama. Allura ta ɗan ɗaga, fanka ta kama, allura ta koma mazauninta. Buta ta shiga Tanah Rata ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ina faɗa muku wannan da alfahari, kuma ku tafa wa Arumugam, ya cancanta.

Amma makulli har yanzu yana jakar Pui Yee. Da na tuna mata alkawari, ta ce, "Kawu Harom, motar ta cika nata, saura ku. Na san babana. Gobe in ya ga ragar Datuk tana ƙyalli, ta wane tana ƙyalli, tasa fayau kamar ta ɗan koyo, kafin sati ya zagayo zai mayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa guda ɗaya ba ya komai. In ku ba za ku cire naku ba, ni ba zan ba da wannan ba."

Ga inda muke, 'yan'uwa. Maganar ba ta hannun makanike yanzu, ba ta hannun likita, tana hannunku. Saboda haka, da yawun kwamitin gyara, ina gabatar da ƙuduri: daga gobe, ba motar da za ta bar filin nan da ragarta a rufe, ko ta shugaba ce, ko tawa ce. Bajon da muka tara za a kafa su a allon katako a bangon wannan ɗaki, kowa da sunansa, na Kawu Foong a sama. Bajon kowace shekara kuma a ba mutum a hannu. Sannan ba mai taɓa murfin lagireto sai inji ya huce har ka iya ɗora masa tafin hannu, wanda ya karya wannan ya sauka daga tsauni a bas.

Na ji wasu na cewa a bar hawan gaba ɗaya, mu koma yawon bakin teku inda hanya ke kwance. Ni ban yarda ba. Ba don bakin teku aka kafa ƙungiyar nan ba. Za mu hau, za mu hau da ƙarfin da muka ƙara wa injinanmu, za mu hau a bayan kowace motar kabeji da Allah ya haɗa mu da ita, kuma za mu isa da ruwanmu a cikin lagireto. Tsohon da ya fi mu duka abin da zai rasa ya riga ya zauna a kujera 'yar tsugunne ya cire nasa da yatsu uku. Mu masu yatsu goma, mene ne uzurinmu?

Ga gwangwanin nan a kan tebur. Na sama-saman nan nawa ne, na cire su ɗazu kafin a zuba abinci. Ga kuma sukundirebar Kawu Foong, ya ce in ba da aro, amma a dawo masa da ita, ya san halinku. Wa zai fara?

Allah ya ja zamanin Datuk! Jama'a, shugaba ya miƙe. A ba shi hanya. Mutanen Taiping ma sun tashi, ku bi a hankali, sukundireba ɗaya ce, wanda ke da tasa a but ɗin motarsa ya ɗauko. Kai Arumugam, bi su, kada su kwance mini fitilu.

Ku ɗan dakata. Kun ji wannan ƙarar a kan tebur? Pui Yee, na gode, 'yata. Kawu Foong, ga makullinka. A'a, kada ka ɓoye fuska, ba wanda ke kallonka, duk turare ne ya shiga mana ido. Ta ce in sanar da sharaɗi na ƙarshe: gobe ita ce a kujerar gefenka, kai ne a gaban ayari, kuma bajon bana in an ba ka, ita za ka miƙa wa.

Ina roƙon Allah ya kai mu goben lafiya, ya hau da mu lafiya, ya sauko da mu lafiya. Allah ya tsare hannuwanmu daga ƙuna, ya tsare iyalanmu daga kiran waya mai tayar da hankali. Allah ya jiƙan waɗanda suka fara wannan hanya suka riga mu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya ba 'ya'yanmu ladan haƙurin da suke yi da mu. Baƙinmu kuma Allah ya mayar da ku gida a kan tayoyinku, janwe ya koma wayam.

Kawu Foong, sai mun haɗu a sama.

Na gode.